Babi na Shida: Fitar da Layi daga Cikin Hoto

Idan akwai takardar naira ɗari biyu a aljihunka, ciro ta ka kai ta inda haske yake, ka dubi fuskar Sardauna Ahmadu Bello da kyau. Daga nesa za ka rantse hoto ne aka buga. Da ka matso da ita kusa da ido sai ka ga ashe layuka ne sirara da ɗige-ɗige, wasu a kwance, wasu sun gitta a kan wasu. Inda ake son duhu, kamar cikin ninkin rawani, an matse layukan. Inda ake son haske an ba su tazara. Sardauna ya rasu a 1966, takardar kuwa sai a 2000 ta fito, saboda haka wanda ya yi zanen hoto ne ya ajiye a gabansa, yana duba shi yana yanke shawara a kan kowane layi: wannan ya shiga, wancan a bar shi.

Wannan yanke shawarar ita ce sana'ar gaba ɗaya. A cikin hoto babu layi ko guda. Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta tarin ƙananan murabba'ai ne da ake kira fiksel, kowanne da lambar haskensa. A hoton baƙi da fari na yau da kullum lambar tana farawa daga 0, wato baƙi ƙirin, ta tsaya a 255, wato fari fat, sauran kuma toka-toka ne iri-iri. Abin da muke gani kamar layin kumatu ko na hanci wuri ne kawai da lambobin suka yi tsalle daga babba zuwa ƙarama. Ƙwaƙwalwarmu ce ke son irin wannan tsalle. Tun a 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna, a gwajin da suka yi da kyanwoyi, cewa akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan ido ya ci karo da gefen abu a wata karkata ta musamman, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1981. Shi ya sa ɗan zane mai layi goma yake isar yaro ya ce, "Ga Baba nan."

Mai karatu na iya tambaya, tunda ga hoton a hannu, me ya kawo wahalar mayar da shi layi? Amsar tana wurin masu aikin hannu. Hatimin roba bai san toka-toka ba, ko tawada ta taɓa takarda ko ba ta taɓa ba. Haka mai buga riga da sikirin, haka injin ɗinkin kwamfuta da ke bin hanyar zare, haka na'urar da ke sassaƙa suna da fuska a jikin allon karramawa. Littafin da yara ke shafa wa kala layi yake so. Takardar da ke nuna yadda ake haɗa janareto ko keken ɗinki ta fi fahimtuwa da zane, domin zane yana nuna kusar da ake magana a kanta ya yi shiru a kan tsatsa da inuwar bango. Jaridu ma da haka suka fara. Kafin dabarar buga hoto da ɗige-ɗige ta shigo su wajen 1880, masu sassaƙa ne ke kwafe hoto a jikin katako da layi kafin a buga. Jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta farfaɗo da abin a 1979, lokacin da mai zane Kevin Sprouls ya fara yi mata ƙananan fuskoki da ɗigo da layi, salon da ya zama tambarinta.

Aikin yana farawa tun kafin a buɗe manhaja. Hoton da ya zaga cikin WhatsApp daga waya zuwa waya an matse shi an sake matsewa, gefunansa sun yi bishi-bishi, kuma akwai wasu ƙananan akwatuna da matsin ke bari waɗanda ido ba ya lura da su amma manhaja za ta ɗauke su a matsayin layi. Nemi asalin hoton, a turo maka shi a matsayin fayil. Idan kai za ka ɗauka, tsayar da mutumin kusa da taga ko a inuwar zaure, haske ya zo masa daga gefe guda. Hasken gefe shi ke fitar da tudun hanci da kwarin ido. Filashin waya da ke dukan fuska ta gaba shafe su yake yi, ya bar ƙyalli a goshi. Bayan nan a cire bayan hoton, labule ne ko taron biki, a bar mutumin shi kaɗai a kan fari.

Sai a cire kala. A nan ne nake son mu ɗan dakata, domin yawancin darussan da ake samu a intanet da farar fata aka gwada su, wanda kuma ya bi su ido rufe da hoton baƙar fata sai ya ga fuskar ta dunƙule ta zama baƙin tabo, idanu da haƙora kaɗai ke leƙowa. Hoton ba shi da laifi, mai hoton ma haka. Kowane hoto mai kala haɗin hotuna uku ne, na ja da na kore da na shuɗi, kuma Photoshop da GIMP duka suna bari a duba kowanne shi kaɗai. Fatar mutum, kowane irin launi gare ta, ja ta fi mayarwa. Buɗe sashen ja za ka ga fuskar ta yi haske, ta yi sumul, gira da gashin baki da bakin leɓe sun fito ɓaro-ɓaro. Buɗe na shuɗi za ka ga duhu da ƙuraje da yashi-yashin da kyamarar waya ke zubawa. Saboda haka kada a danna maɓallin cire kala a wuce. A ɗauki sashen ja a yi aiki da shi, ko a haɗa su ja ya fi rinjaye. Wannan ɗan matakin na minti ɗaya shi ne bambancin fuskar da danginta za su gane da wadda ba za su gane ba.

Hanya mafi sauri daga nan ita ce wadda manhajojin suka sa wa suna Threshold. Iyaka ce ake sa wa lambobin nan na haske: duk fiksel da ya kai iyakar ya zama fari, wanda bai kai ba ya zama baƙi. Manhaja takan ajiye iyakar a tsakiya, wajen 128, kai kuma ka ja ta hagu ko dama kana kallon fuskar tana nutsewa cikin duhu tana fitowa. Shahararren misalin wannan salo fuskar Che Guevara ce. Alberto Korda ya ɗauki hoton a Havana ranar 5 ga Maris 1960, a taron juyayin waɗanda fashewar jirgin ruwan La Coubre ta kashe. A asalin hoton akwai gefen fuskar wani mutum a ɓangare guda da ganyen bishiya a ɗayan, aka yanke su. A 1968 Jim Fitzpatrick, mai zane ɗan ƙasar Ayalan, ya rage fuskar zuwa baƙi da fari zalla, da hannu, tun babu manhajar da za ta yi masa. Sigar da ta zaga duniya a jikin riguna da bango ke nan, domin kowa na iya buga ta da tawada kala ɗaya.

Sai dai iyaka ɗaya ba ta isar hoto guda. A ce dattijo ne sanye da farin rawani da shuɗiyar babbar riga. Iyakar da za ta fitar da ninkin rawanin za ta haɗiye fuskar, wadda za ta fitar da fuskar kuma za ta bar rawanin fari fayau ba ko ninki ɗaya. Maganin shi ne a raba hoton leya-leya, wato shimfiɗu da ake ɗora ɗaya a kan ɗaya a cikin manhaja: rawani a leyarsa, fuska a tata, riga a tata, kowanne a ja masa iyakar da ta dace da shi, sannan a haɗa.

Hanya ta biyu ita ce ke ba da abin da ya yi kama da zanen fensir. Ana kwafin hoton a leya ta biyu, a juya kwafin baƙi ya koma fari, a sa yanayin haɗuwarsa da na ƙasa a kan Color Dodge. Nan take allon zai yi fari kamar an goge komai. Sai a ɗan sa wa leyar saman dishi-dishi da Gaussian Blur, layuka su fara ɓullowa. Abin da ke faruwa a ƙarƙashi lissafi ne mai sauƙi: ana raba hasken kowane fiksel da matsakaicin hasken maƙwabtansa. Inda wuri yake bai ɗaya, kamar tsakiyar kumatu, amsar ɗaya ce, wato fari. Inda fiksel ya fi maƙwabtansa duhu, kamar bakin ido, amsar ba ta kai ɗaya ba, sai layi ya fito. Ina ƙaunar wannan hanya saboda ba ruwanta da duhun fata ko haskenta, bambancin da ke tsakanin wuri da maƙwabcinsa kawai take dubawa. Dishi-dishi kaɗan yana ba da layi siriri, mai yawa kuma yana ba da kauri da inuwa. Aibinta shi ne tana tono yashin da ke ɓoye a wuraren duhu, don haka a fara share shi kafin a soma.

Akwai kuma matatun gano gefe, waɗanda masana kwamfuta suka ƙirƙira don na'ura ta iya gane abubuwa. Na Sobel, wanda ya samo asali a Jami'ar Stanford a 1968, yana duba fiksel tara-tara, uku a tsaye uku a kwance, ya auna yadda haske ke sauyawa. Na John Canny na 1986 ya fi shi tsabta, yana fere kowane gefe har ya koma kaurin fiksel ɗaya. Suna da kyau ga hoton gini ko mota ko kayan inji. A kan fuska kuwa rauninsu a fili yake. Koma ga dattijon nan. Matatar za ta bi aikin aska takwas da ke ƙirjin rigarsa zare bayan zare, ta cika wurin da dubban layuka, ta zana kowace tamoji da kowace furfura da ƙarfi iri ɗaya. Amma gefen muƙamuƙinsa, inda fata ta shige inuwar wuya a hankali ba tare da tsalle ba, za ta bar shi babu komai. Layin da mai zane zai fara ja shi ne wanda na'urar ba ta gani, dubun da ta gani kuma yawancinsu zubar da su za a yi.

Saboda haka duk wanda ke son aikin da zai sa sunansa a kai, ƙarshenta sai ya bi hoton da hannunsa. Ana rage ƙarfin hoton har ya yi fari-fari, a kulle leyarsa kada ta motsa, a buɗe sabuwa a samanta, a ɗauki alƙalamin manhajar. Alƙalamin nan ba ja yake yi kamar biro ba. Ɗigo ake kafawa nan, a kafa wani can, manhajar ta haɗa su da layi, kowane ɗigo kuma yana da hannaye biyu da ake ja don lanƙwasa layin. Kamar a kafa turaku biyu ne a ɗaura tsumagiya a tsakaninsu, ana karkata bakinta har ta yi bakan da ake so. Daga masana'antar mota dabarar ta fito: Paul de Casteljau a kamfanin Citroën da Pierre Bézier a Renault, duka a Faransa, su suka tsara lissafinta wajen 1960 don zana jikin mota, Adobe Illustrator kuma ya kawo ta teburin masu zane a 1987. Layin da aka ja haka lissafi ne, ba fiksel ba, shi ya sa zane guda zai zauna a hatimi ya kuma zauna a allon talla na bakin titi ba tare da ya fashe ba. Sabon hannu yakan kafa ɗigo hamsin a kumatu ɗaya, layin ya fito yana karkarwa. Uku ko huɗu sun isa. A sa ɗigo inda layi ya sauya alƙibla kawai.

A fara da kewayen waje: rawani, kafaɗa, faɗin riga. Wannan layin ya fi kowanne kauri. Na ciki, kamar ninkin tufa, ya bi bayansa, na fuska kuma su ne mafi siranta. Idan duk layukan kaurinsu ɗaya ne zanen sai ya kwanta shim, ido ya rasa inda zai fara.

Fuska ita ce wurin da ake gane gwani. Fatar ido ta sama a ja ta da ƙarfi, ta ƙasa kuwa a ɗan taɓa ta daga gefe a sake ta, domin idan aka kewaye ido ruf sai mutumin ya zama kamar ya firgita. A bar ɗan farin ɗigo a cikin ƙwayar idon, shi ke sa fuskar ta yi rai. Hanci ba a zana masa gefe biyu. Ƙasansa da ƙofofinsa ake nunawa, sai ɗan layi a ɓangaren da inuwa take. A baki, layin da ke tsakanin leɓɓa shi ne mai ɗauke da murmushi ko kamewa, a ba shi lokaci, a bi ƙarshensa na hagu da na dama daidai yadda suke ko da ba su yi daidai da juna ba. Haƙora ba a raba su ɗaya-ɗaya, sai dai idan mutum yana da wushirya, wannan kam a sa ta, domin da ita aka san shi. Haka tsagen gado a kumatu ko a gefen ido: matata na iya ɗaukarsa tabo ta goge, ko ta zurfafa shi ya zama rauni, amma ga mai shi da danginsa shaida ce ta asali, a ja shi siriri a inda yake da adadin da yake. Tamoji kuma a zaɓa. Biyu a goshi da ɗaya daga hanci zuwa gefen baki sun isa su ce dattijo ne. Idan aka zana duka sai a ƙara masa shekara ashirin da bai yi ba.

Rawani yana da ninki da yawa, amma huɗu ko biyar ne ke nuna yadda aka naɗa shi, inda ya faro da inda ya zagayo ƙarƙashin haɓa. Su za a bi. Aikin rigar kuma a zana siffarsa, tsinin askakin da da'irar tambarin, a bar zaren. Ga mace mai lalle a hannu ko atamfa mai fure, ƙa'idar ɗaya ce: a tambayi kai ko zanen na fuskar ne ko na atamfar, wanda ba shi ne gaba ba a sassauta masa.

Wanda ba shi da lokacin bin komai da hannu yana iya haɗa hanyoyin. A fitar da baƙi da fari mai tsabta da ɗaya daga dabarun baya, a goge tarkacen da magogi, sannan a miƙa wa manhaja ta mayar da shi layin lissafi. A CorelDRAW, wadda ita ce a kan kwamfutocin yawancin shagunan buga kati da kalanda a garuruwanmu, sunan abin PowerTRACE. A Illustrator Image Trace ne. A Inkscape, wadda kyauta ce, Trace Bitmap ne, kuma injin da ke cikinsa Potrace ne na masanin lissafi Peter Selinger. Dukansu abin da aka ba su suke bi, tsabta ko datti. Bayan sun gama a shiga a rage ɗige-ɗigen da suka zuba, a kuma gyara idanu da baki da hannu ko da an bar sauran yadda suke. Manhajojin waya masu ƙirƙirarriyar basira da ke yin zanen cikin daƙiƙa kaɗan suna fitar da abu mai kyan gani, amma a sa ido sosai: sukan sirance hanci, su ƙara girman ido, su shafe tsage, har a samu kyakkyawar fuskar da ba ta mai hoton ba ce. Ga zanen da za a sa a kalandar tunawa da mamaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalansa.

Akwai batun haƙƙi, kuma ina roƙon matasa masu wannan sana'a kada su ɗauke shi da wasa. Bin hoton wani da layi bai mayar da shi naka ba. Shepard Fairey ya yi fitaccen zanen Barack Obama na yaƙin neman zaɓen 2008 daga hoton da Mannie Garcia ya ɗauka wa kamfanin dillancin labarai na Associated Press a 2006, ba tare da neman izini ba. Maganar ta kai kotu a 2009, ba a sasanta ba sai a 2011. A Najeriya ma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta sa hoto cikin ayyukan da take karewa. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka yi aiki da hoton da ka ɗauka da kanka, ko wanda mai shi ya ba ka izini, idan kuma fuskar wani ce za ta hau riga ko allo, shi ma a tambaye shi.

Kafin a miƙa aiki akwai gwaji uku da ba a tsallakewa. A kashe leyar hoton a dubi zanen shi kaɗai, domin muddin hoton na leƙowa daga ƙasa yana rufa wa layukan asiri. A juya zanen hagu ya koma dama, karkatar da ido ya saba da ita za ta fito nan da nan. Sannan a buga shi a takarda daidai girman da za a yi amfani da shi. Abin da ya yi kyau a cike da sikirin yana iya cushewa idan ya koma faɗin hatimi, layukan da ke kusa da juna su haɗe tawada ta cike tsakaninsu. Tambayi mai hatimin ko mai buga rigar iyakar sirantar da kayan aikinsa ke ɗauka. Idan bai faɗa ba, kada layi ko tazarar da ke tsakanin layi biyu ta gaza rabin milimita. Takardar da ka buga kuma ka nuna wa wanda ya san mai hoton, kada ka faɗi suna, ka ji ko zai ambata da kansa. Idan ya yi jim, koma kan layin baki da fatar ido ta sama, yawanci a nan kamannin ke ɓacewa.

Wajen ajiyewa a riƙe fayil biyu. Ɗaya na aiki, mai leyoyinsa duka, don ranar da za a ce a ƙara hula ko a cire tabarau. Ɗayan na miƙawa, a SVG ko PDF, layukansa a rufe a kuma mayar da kaurinsu siffa tabbatacciya don kada ya sauya a kwamfutar maɗaba'a. Idan dole sai an ba da shi a fiksel, a fitar da PNG mai ɗigo 600 zuwa 1200 a kowane inci. Kada a ba da JPEG, domin matsinsa yana barin ƙura a gefen kowane baƙin layi, injin kuma zai buga ƙurar tare da zanen.